Sallama a Ƙofar Gidan Masu Rake

Yayata ta zo Dubai ne a shekarar da ta gabaci korona, don a cire mata yanar ido. Tana da shekara saba'in da takwas a lokacin, ni ina da saba'in da ɗaya, amma Auta take kirana ko a gaban jikokina. Ina zaune a International City tare da babban ɗana, wanda yake harkar kago, wato jigilar kaya, a Al Quoz. Aikina a wurinsa na baki ne kawai, wato tafinta. In ya haɗu da Balarabe, ko mutumin Kwatano, ko na Duwala, sai ya miƙo mini waya.

Ranar da aka kwance mata bandeji, likita ya tambaye ta me take gani. Ta ƙura mini ido ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, ashe haka ka tsufa, ba wanda ya gaya mini?"

Daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. Shekara shida tana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, yanzu komai ya dawo mata tas. Ta ƙirga benaye ta tagar tasi har ta rikice ta sake farowa. Ta gano launin labulenmu bai dace da na kujeru ba. Ta sa na kai ta jirgin ƙasa muka tafi har ƙarshen layi muka dawo, tana manne da gilashi tana dariya ita kaɗai. Ɗana ya ga irin wannan murna ya ce, "Gwaggo, sabon ido bai kamata ya ƙare a kan siminti ba. Khalas, shi ke nan, zan tura ku inda ake da kore." Ya je Al Rigga ya yanko mana tikitin kwana huɗu a tsibirin Morishus. A cikin tsarin tafiyar har da rangadin rabin yini zuwa wani tsohon gida na Turawan da suka mallaki gonakin rake a da.

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce gidan tarihi ne, masu shi sun daɗe da tashi, ana shiga ne a kalli gadaje da kwanuka a fito. Na ga irinsu a Zanzibar, na ga na masu gonar shayi a Siri Lanka, na ga wanda Jamusawa suka bari a gindin dutsen Kamaru. Ta saurare ni har na gama.

"Ana share shi?"

"Ana sharewa mana."

"Ana rufe ƙofa in rana ta faɗi?"

"Ana rufewa."

"To ka ce ba mai shi? Duk yawonka na duniya abin da ka koyo ke nan? Tashi ka kai ni kasuwa."

Muka tafi Deira. Ta sayi dabino mai kyau, da turaren wuta, da wani mayafi ruwan toka mai aikin zare a baki, wanda ta sa mai shagon ya fito da shi waje ta duba a hasken rana. Ta ce na matar gidan ne. Tun da take ba ta taɓa shiga gidan mutane hannu rabbana ba, kuma ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar kowa ba sai an amsa mata sallama. Ta ce ba a ƙasar wasu za ta fara ba. Na yi dariya na ɗaukar mata leda. Na ɗauka in ta ga wurin da idonta za ta bar zancen.

Safiyar rangadin wata ƙaramar bas ta ɗauke mu daga otal, mu goma sha biyu. Akwai Jamusawa mata da miji, da wasu Faransawa, da wani Balarabe da iyalinsa waɗanda muka hau jirgi ɗaya da su daga Dubai. Jagoranmu dattijo ne ɗan asalin Indiya, mai farar riga da laima a hammata. Hanya ta ratsa gonakin rake, hagu da dama, har gindin duwatsu. Yaya ta riƙa zungurina da gwiwar hannu.

"Kai, dubi! Duk wannan wa zai shanye shi? Ai haƙoran ƙasar nan sun shiga uku."

Na ce sukari ake yi da shi. Ta ce ta sani, ba yarinya ba ce, ta dai faɗa ne.

Gidan na katako ne, fari, dogo, an kewaye shi da baranda ta kowace fuska. Ƙofofi ne jere reras, duk a buɗe, ta yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Ya tuna mini da gidajen manyan ma'aikatan reluwe na Zariya, sai dai wannan ya haɗiye goma irinsu. Jagora ya ɗaga laima ya ce muna da awa biyu, bas za ta tashi sha biyu da rabi, ba ta jiran kowa. Mutane suka bi shi ciki.

Yaya ta hau matakala, ta cire takalmi ta jera su gefe, ta tsaya a bakin babbar ƙofa da ledarta.

"Salamu alaikum!"

Shiru. Ta sake yi da ƙarfi. A ta uku sai Balaraben nan ya juyo daga ciki, da kyakkyawar niyya, ya amsa mata cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu.

"Auta, gaya masa na gode, ya samu lada. Amma shi ma baƙo ne. Tare muka zo, na gan shi yana barci a jirgi baki buɗe."

Rabin farko kawai na fassara. Jagora ya dawo ya tambayi abin da ya tsayar da madam. Na yi masa bayani da Faransanci. Ya dafa ƙirji ya rusuna, ya ce shi ya ba ta izini da zuciya ɗaya.

"Tambaye shi, a nan yake kwana?"

A gari yake kwana, bayan tashar bas.

"To ya riƙe izininsa, ya ba wanda zai shiga gidansa."

Daga inda take tsaye ana hango falo. Wata fitila ce ta gilashi mai rassa take reto daga rufi, hasken safiya ya bugi gilasan ya watsu a bango launi-launi. Na ga yadda take kallonta, wuya a miƙe, yatsun ƙafa daidai bakin katakon ƙofa. A nan na daina dariya na ɗan lokaci. Matar nan ta yi awa shida da wani abu a sama don ta ga wannan, tana son shiga kamar me, kuma na san ba za ta shiga ba.

Sai ta yanke hukunci cewa baranda kamar zaure ce, baƙo yana iya tsayawa a ciki. Saboda haka ta fara nata rangadin ta waje, ƙofa bayan ƙofa. Ni kuma ina ciki ina sauraron jagora, in ruga ƙofa in kawo mata rahoto, in ruga in koma. Teburin cin abinci mai kujera goma sha takwas: "Mata nawa gare shi, maigidan?" Ɗaya. "Allah sarki, ta sha wanke-wanke." Fiyano, abin kiɗan Turawa: ta ce akwatin gawa ne aka yi wa haƙora. Wani bahon wanka na ƙarfe mai ƙafafun zaki ya sa ta dariya har ta dafa ginshiƙi, ta ce mutum ya zauna cikin daudarsa ya ce ya yi wanka. Da muka zo ɗakin kwana kuwa sai ta juya baya, ta ce ba za ta leƙa gadon matar mutane ba. Matar Bajamushen nan ta bar jagora ta koma bin Yaya a baranda, ba ta jin ko kalma ɗaya amma tana ta ƙyalƙyatawa.

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Na sauka wurin mai yankan tikiti na tambaye ta masu gidan. Ta ce magada suna Faransa, wani kamfani ne yake kula da wurin, manajan kuma sai Litinin. Na dawo na gaya wa Yaya. Ta zauna a kan matakala ta ɗora ledar a cinya. Sauran mutane suka wuce wata rumfa inda ake ɗanɗana giyar rake, mu muka ce mun yafe.

Can sai ta ɗaga hanci.

"Ana suya a gidan nan."

Ta zura takalmi ta zagaya baya, ina bin ta ina haki. Bayan gidan akwai wani ɗakin dutse shi kaɗai, baƙi ƙirin da hayaƙi. Masu irin waɗannan gidaje nesa suke gina madafa saboda tsoron gobara. A ciki wata tsohuwa ce baƙa, gajeriya, da ɗankwali, tana tsame wasu 'yan dunƙule-dunƙule daga kaskon mai. Yaya ta leƙa kaskon ta kama baki.

"Auta! Ƙosai!"

Kusan shi ne. Da wani irin wake ake yi, da barkono da albasa, ana ba masu rangadi in sun gama. Yaya ta yi sallama, tsohuwar ta ɗago ta ce wani abu da Kiriyol, yarensu wanda rabinsa Faransanci ne da aka tauna. Yaya ta ce wannan amsa ce, ta ji ta a murya. Ta durƙusa ta shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya yara, yaya zafin wuta. Ina juyawa da Faransanci, tsohuwar tana amsawa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar waɗanda suka faɗo daga bishiya.

"Tambaye ta inda take kwana."

Ta nuna wani ɗaki mai rufin kwano a bayan bishiyar mangwaro. A nan aka haife ta. Uwarta ta yi girki a wannan madafa, kakarta ta yi saran rake. Ita take zagayawa da yamma ta rufe ƙofofin nan duka, ta buɗe su da safe.

Yaya ta dube ni, irin kallon da take yi mini tun ina yawo ba wando. Sannan ta miƙa ledar da hannu biyu.

"Ka ce mata mun zo daga nesa, mun tsaya a ƙofarta tun safe. In ta yarda, muna so mu shiga mu ga gida."

Na faɗa. Tsohuwar ta ce in sake faɗa. Na sake. Sai ta fashe da dariya, ta zauna a kan buhun gawayi tana buga cinya, har hawaye. Ta buɗe ledar ta shinshina turaren, ta warware mayafin ta shafa aikin zaren. Dariyar ta ragu. Ta ce shekara sittin da wani abu tana wannan gida, dubban mutane sun shiga sun fita, ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce tana yarinya ba a barin irinsu su bi ta babbar ƙofa, kuma har yau ƙafarta ta saba, ta baya take shiga.

Na duba agogo. Sha biyu da kwata.

Ta sauke kaskon daga wuta, ta goge hannu, ta yafa mayafin a kan rigar aikinta. Ta kama hannun Yaya suka zagaya gaba, suna sauri irin na tsofaffi, kafaɗa tana gaba ƙafa tana biyowa. Ta ce Yaya ta tsaya a nan. Ita ta hau matakala ta shige ta babbar ƙofa, ta juyo, ta gyara tsayuwa a tsakiya kamar za a ɗauke ta hoto.

Yaya ta cire takalmi.

"Salamu alaikum, masu gida!"

"Antre, antre!" in ji tsohuwar, ta buɗe hannuwa. Wato shigo.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin rangadi irinsa ba a duk ƙasashen da na taka. Tsohuwar ta ɗage jar igiyar da aka gitta don hana mutane wucewa, ta ja Yaya ciki. Ta zaunar da ita a kujerar da aka rubuta kada a zauna. Ta buɗe wani kabad ta nuna mata inda ta ɓoye farantin da ta fasa tana 'yar shekara tara, har yau ba wanda ya sani. Ba su nemi tafinta ba, ni ma ban sa baki ba. Ɗaya tana Hausa, ɗaya tana Kiriyol, suna tafawa. A waje direba ya fara danna hon. Jagora ya leƙo, ya ga igiya a ƙasa, ya buɗe baki, tsohuwar ta daka masa tsawa da kalma biyu ya koma da laimarsa.

"Yaya, za su tafi su bar mu!"

"Su tafi mana. Baƙo yana tashi ne ba a sallame shi ba?"

Sai da tsohuwar ta koma madafa da gudu-gudu ta ƙunso mana ƙosanta a takarda, ta rako mu har bakin mota, ta tura Yaya ciki da hannunta. Mun makara da minti goma. Ba wanda ya yi ƙorafi, don Yaya ta bi kujera-kujera tana raba ƙosai, har direba.

Da bas ta hau titi na ce mata, cikin ɗakunan nan duka huɗu kawai ta shiga.

Ta cinye na bakinta, ta lashe yatsa.

"Zuwan farko ke nan, Auta. Wa yake bincike gidan mutane a zuwan farko?"