Shamuwar da Kaka ta karanta daga dama

Makon jiya ina neman littafin da zan saya wa ɗana a intanet, sai na ci karo da littattafan hotuna na wata marubuciya Bajamushiya. Nan take na gane bangon ɗaya daga cikinsu. Na gangara ƙasa, inda masu saye ke rubuta ra'ayinsu. Wata uwa ta ce 'yarta ba ta barci sai an karanta mata shi. Wata malamar makarantar reno ta ce babu kamarsa wajen kwantar wa yara hankali. Wani kuwa ƙorafinsa shi ne ƙarshen labarin ya cika daɗi. A gidanmu littafin nan bai ƙare da daɗi ba.

Shekarata tara a lokacin, ƙanwata Hadiza tana da huɗu. Mun zo Greensboro ta Amurka daga Maraɗi tare da Baba da mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka. Takardun Umma kuwa sun maƙale a ofishin jakadanci, aka ce za ta biyo mu nan da wata shida. Gidan da muka kama a Pleasant Garden tsoho ne, akwai murhu a bangon falo. Kaka ba ta son ɗumin na'ura, ta ce yana busar mata da maƙogwaro. Da an idar da magariba sai ta sa a hura itace, ta shimfiɗa bargo, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu matso.

Wata Asabar Baba ya kai mu laburaren cikin gari, Hadiza ta zaɓo littafin saboda hoton shamuwar da ke bangonsa. Fassarar Turanci ce, na karance shi tun a mota. Labarin ɗan shamuwa ne da aka bari shi kaɗai a kan rufin wani gida cikin ƙanƙara. Ya tashi, ya ƙetare teku, ya ƙetare hamada, a shafin ƙarshe ya iske uwarsa a kan wata bishiya.

Kaka ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa. Da Hadiza ta miƙa mata littafin, sai ta buɗe shi yadda ta saba buɗe kowane littafi, daga dama.

"To, ga ta nan gare ku," in ji ta. "Ga shamuwa da ɗanta a kan gawo, damina ta zauna, kowa ya ƙoshi. Sai ɗan ya ce shi fa sai ya ga inda duniya ta ƙare." Ta juya shafi. "Ga shi a cikin rairayi. Dubi wuyansa, yana tafiya yana waiwayen gida." Haka ta bi da shi, daga hamada zuwa teku, har ta ajiye shi a kan rufin nan, fukafukai a takure, ƙanƙara na zuba.

Hadiza, wadda Turanci ya riga ya kama bakinta, ta tambaya da shi ina uwarsa take. Na fassara.

"Tana can inda ya bar ta."

"Sai me ya faru?"

"Sai ya girma mana. Kowa ma haka yake girma."

Na san an juya labarin. Ban ce komai ba, domin yaro ba ya gyara wa babba karatu a gaban ƙanwarsa. Kullum Hadiza sai ta kawo littafin, kullum Kaka sai ta fara daga dama. Ranar Lahadi ta biyu, da Umma ta bugo waya, Hadiza ta ƙi karɓa. Baba ya lallashe ta, ta ce masa ai uwa ba ta biyo ɗanta.

Washegari na sami Kaka tana tsince shinkafa, na faɗa mata cewa daga hagu ake fara littafin.

"Kai, maigidana," ta ce, "yau kuma ni za ka koya wa buɗe littafi?"

Amma ta goge hannu ta karɓa. Ta bi shi daga hagu, shafi bayan shafi, har ta kai kan bishiyar. Ta daɗe a wurin.

"Baturiyar nan ba ta taɓa jiran biza ba," in ji ta. "Je ka karanta mata naka."

Da yamma na karanta wa Hadiza shi yadda aka rubuta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ƙwace littafin ta ce na yi shi baibai. Ta kai wa Kaka. Kaka ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta buɗe daga dama.

Wata shidan nan sai da ya zama shekara biyar. A filin jirgi Hadiza ta rusuna ta gaida Umma yadda ake gaida baƙuwa, ta koma bayan Kaka ta tsaya.

Karatun farko kuskure ne, wannan ba na shakka. Karatun ranar da Kaka ta dube ni shi ne har yau ban yanke masa hukunci ba. Wataƙila ta ga jiran zai yi tsawo, ta zaɓi ta cire wa yarinya sa rai tun kafin ya cinye ta. Idan haka ne, maganin ya yi aiki, har ya wuce inda aka nufa. Kaka ta rasu ban tambaye ta ba, kuma ni ma ina da nawa kason, domin kwana tara na yi ina kallo.

Yanzu Hadiza ma'aikaciyar jinya ce. Ita ke kai Umma asibiti, ita ke jera mata magunguna. Amma Hajiya take kiranta. Wata rana ina tuƙa Umma zuwa gida, ta ce, "Wai me na yi wa yarinyar nan?" Na ce babu komai. Ta gyaɗa kai, ta juya fuskarta wajen taga.