Kujerar Hagu a Motar Desmond

Desmond Odling yayan matata ne, kuma duk ƙauyenmu babu wanda ya tsani nauyi kamarsa. Ni kuwa in ana maganar nauyi, to da ni ake. Ka ji yadda Allah ya haɗa mu.

Tun yana saurayi aikinsa gyaran sikeli ne a inda ake ɗura dankali da kabeji a buhu, nan bayan garin Boston na Ingila. Ya tsufa yana kallon allurar sikeli tana rawa, har ta kai in ka miƙa masa kofin shayi sai ya ɗan jinjina shi kafin ya kurɓa. Da ya ajiye aiki, tsararrakinsa wasu suka kama lambu, wasu kamun kifi. Shi sai ya jawo wata 'yar mota mai kujera biyu, ba rufi, ba ƙofar kirki, wadda in ka zauna a ciki kana iya shafa kwalta da tafin hannu. Ya ce filin tsere zai riƙa kai ta, wato tsohon filin jiragen soja da ke tsakiyar gonaki, inda ake barin irinmu su yi ta zagaye ranar Asabar su koma gida suna zuba ƙarya.

Mutane in sun sami mota ƙara mata kaya suke yi. Desmond cirewa yake. Ya cire hita, a ƙasar da ko a watan Yuli sai ka nemi rigar sanyi. Ya cire darduma da rediyo, ya cire gilashin gaba ya sa wani ɗan guntu da ko ƙuda ba ya tarewa. Abin taka birki da na totur ya huhhuda su sun zama kamar rariya. Ƙusar da ta ɗan yi tsawo sai ya datse mata wutsiya. Ran nan na tarar da shi kwance yana kankare fenti a ƙarƙashin motar, inda babu mai gani.

Na ce, "Des, har da fenti?"

Ya ce, "Ka taɓa ɗaga gwangwanin fenti?"



Abu ɗaya ya bari, kujerar hagu, ta fasinja, kuma ni ne a cikinta. Shekarar da Noreen ta rasu, ƙanwarsa kuma matata, na rufe labule na zauna a gida, ba abin da nake yi sai ci. Desmond ba mutumin magana ba ne, ko a wurin binnewa hannuna kawai ya matse ya wuce. Wata Asabar sai ga shi a ƙofata da hular kwano a hannu. Buhu yake kirana, saboda ƙibata.

"Buhu, tashi. Gefen hagu ya yi sakayau, ina neman abin da zan danne shi."

Ta'aziyyar da ya yi mini ke nan, kuma ta fi duk waɗanda na samu amfani.

Ya kai ni gareji ya ɗora motar a kan tsofaffin sikelin dankali, kowace taya da nata. Ya cusa ni a kujera, don shigata motar nan aikin mutum biyu ne, ya jibga buhunan dankali daidai nauyinsa a mazaunin direba, sannan ya shige ƙasa yana murɗa sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da mota ke lilo a kansa, har kowace taya ta ɗauki rabonta. Ya ce haka ake yi, ana daidaita mota ne da mutanen da za ta ɗauka. Da kunnena na ji wannan bayani, amma a lokacin tunanin abincin rana nake.

Tun daga nan na sami sana'a. Ban iya tuƙin gudu ba, in ya ce miƙo sifana filaya nake miƙawa. Nawa shi ne in zauna, in yi nauyi, in yi ihu a kwana. Ina son kujerar nan, ba na jin kunyar faɗa. Ba don ita ba, ban san yadda zan yi da Asabar ba, balle sauran ranakun.

Ƙarshen kakar bara muna tsaye wurin mai shayi a filin, sai Royston mai gyaran famfo, wanda motarsa ke wuce mu kamar muna tsaye, ya dubi Desmond.

"Odling, kai dai abin dariya ne. Kana aske ƙusa, ga ƙaton firiji ka ɗaure a gefe. Cire kujerar nan da abin da ke cikinta ka ga yadda mota ke tashi."

Aka fashe da dariya. Ni na fi kowa, da burodin naman alade cike da bakina. Desmond bai yi dariya ba. Ya juya ya zuba wa kujerar ido, ya daɗe. Na san kallon nan, irinsa ya yi wa hita. Na ajiye sauran burodin.

A hanyar gida na yanke shawara da wannan kan nawa mai kaifin basira: tunda nauyi ne zai raba ni da kujerata, zan rage shi kafin a raba mu. Duk hunturu na yi sallama da soyayyen kifi da dankali, na ƙaurace wa mashayar ƙauye, na koma cin dafaffen kabeji kamar zomo. Kullum ina tafiya a bakin magudanan gonaki, iska na marina. Ban gaya wa kowa ba. Desmond kuwa bai lura ba, don garejin sanyi ne da shi, riga kan riga nake zuwa, shi kuma kullum yana ƙarƙashin mota, da takalmi yake gane mutane. Har sai da na huda sababbin ramuka a bel ɗin wandona, na ce ashe ni ma na iya wannan ilimi.

Asabar ɗin farko ta bazara na shiga motar ba wanda ya tura ni. Na zauna ina jiran yabo. Ya sa hularsa ya tayar da inji. Zagayen farko a hankali muka yi, tayoyi su yi ɗumi. Daga nan ya buɗe mata wuta. A ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar filin ya taka birki daidai inda ya saba takawa, sai taya ɗaya ta ƙame tana hayaƙi, motar ta fizge gefe, duniya ta juya. Da na buɗe ido muna cikin gonar kabeji, muna kallon inda muka fito. Ba wanda ya ji ciwo, amma hancin motar ya tsage, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya lanƙwashe. Royston ya wuce yana ɗaga mana hannu.

Desmond ya yi makonni yana neman laifin. Ya sa sabon ƙarfe, ya ɗinke hancin, ya kwance birki gaba da baya ya canja mai, ya bi tayoyi ɗaya ɗaya. Bai sami komai ba, har ya fara cewa ko ƙafarsa ce ta tsufa. Ni ma ina ta taya shi jimami, ko kusa ban kawo kaina a ciki ba. Daga ƙarshe ya jawo sikelin.

"Buhu, shiga."

Na shiga. Ya duƙa ya kalli allura, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ya ɗaga motar ya musanya sikelin hagu da na dama, ya sake duba. Sai ya miƙe a hankali, ya kalle ni sama da gwiwa, abin da bai yi ba tun kaka.

"Cire rigar nan."

Na cire.

"Ta cikin ma."

Na cire, na zauna ina rawar ɗari.

"Ina sauranka?"

Na ce, "Ai Royston ne ya ce..."

"Royston ne ya daidaita motar? Na ɗaure sifirin hagu don ƙato, ka kawo mini rabin mutum, ko bakinka ba ka buɗe ba? Ka kusa kashe mu a gonar mutane, sakarai!"

"To ai na ga kallon da ka yi wa kujerar, Des. Na ɗauka cire ta za ka yi."

"Ƙafarta nake kallo, ta fara tsagewa a ƙarƙashinka. Leƙa ka gani."

Na leƙa. Sabon ƙarfe ne mai kauri, an yi masa walda da kyau, ko rami ɗaya babu a jikinsa. Duk lokacin da nake cin kabeji, shi yana nan yana ƙara wa motarsa nauyi saboda ni. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan ji.

Na ce, "Bari in mayar da jikin mana. Kafin wata ya ƙare na cika maka shi, ai ba wuya."

Ya riga ya kwanta zai shige ƙasa. Ya tsaya, bai kalle ni ba.

"Kada ka kuskura. Sifirin murɗawa ake yi. Gawar ƙanwata na riga na ɗauka a kafaɗa, ba ni da bayan da zai ɗauki akwatin gawarka da wancan nauyin."

Ya shige ƙarƙashin mota. Na zauna a kujerata har yamma, yunwa na cina.