Malam Bakoji da Wutsiyar Adireshi

Ban runtsa ba har aka kira assalatu. Tambayar da ta hana ni barci ba ta da tsawo: mutumin da ya kwashe shekaru yana faɗa wa jama'a gaskiyar da ba sa son ji, idan tasa ta zo, sassauta masa ake yi, ko kuwa a ba shi irin abin da ya saba bayarwa? Kafin in faɗi yadda muka ƙare da ita, ya kamata mai karatu ya san wanda ya jawo ta.

Sunansa Malam Bakoji, mai cajin waya a bakin kasuwar Tsohon Birnin Gwari. Tsohon malamin firamare ne, shi ya koya mini haɗa baƙi tun kafin in san akwai wani wuri da ake kira jami'a. Da hantsi yake ɗora faifan sola a kan kwanon rumfarsa, ya kakkaɓe katakon da soket-soket ke jere a kai, ya zauna jiran 'yan acaba. Ƙauyukan bakin daji ba su da wuta, don haka ranar kasuwa wayoyinsu kan zo gari ba tare da masu su ba, cikin buhu, kowace an ɗaura mata zare ko ƙyallen zani don kada ta ɓace. Ya san mai jan zare, ya san mai kore. Tare da wayoyin kuma tambayoyi ke zuwa. Nababa ɗan acaba zai sauke buhun yana share gumi ya ce, “Baba, mai shuɗin zaren nan ta ce a duba mata abin da ɗanta ya turo daga Legas. Wai maganin hawan jini ne, kwalba ɗaya an gama.”

Malam Bakoji ba ya fara kallon hoton likita mai farar riga, ba ya kallon tambarin gwamnati mai mikiya da dawakai biyu. Yakan ce ko yaro ya iya kwafo hoto ya manna. Sai ya kai yatsa can saman shafin, inda aka rubuta adireshi da ƙananan haruffa, ya bi sunan gidan har ƙarshensa. Wannan ƙarshen shi yake kira wutsiya. Idan ya ga gov.ng, ya san sunan da hukumomin gwamnati kaɗai ake bai wa ne. Idan edu.ng ne, na manyan makarantu ne. Idan who.int ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ce. Sauran kuwa, irin su com da org, kowa na iya saye, mai gaskiya da maƙaryaci. Bai taɓa cewa duk mai irin waccan wutsiyar ɗan damfara ne ba, bai kuma taɓa cewa wutsiya mai kyau tana warkarwa ba. Abin da yake cewa shi ne, “Wannan na san gidansu, idan sun yi ƙarya akwai ƙofar da za a buga. Wancan ban san gidansu ba. A kai wa malamar asibiti ta gani kafin a sha.” Daga nan ya ɗauki saƙon murya a cikin wayar da Hausa, ya fara da karanta adireshin harafi-harafi, sannan ya mayar da ita buhu.

Ba a aji ya koyi wannan ba. A shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, magunguna suka yanke a kemis, matarsa Zakiyya tana fama da ciwon sukari. Wani ya turo masa shafi mai tambarin gwamnati da ke cewa a ajiye ƙwayoyi, a sha wani jiƙo. Shi da bakinsa ya karanta mata, ita kuma ta yarda saboda shi ne ya karanta. Ba ta ga ƙarshen damina ba. Bayan an share makoki ya ɗauki wayar ya je wurin wata ma'aikaciyar rigakafi, ita ta nuna masa cewa shafin ba shi da alaƙa da kowace hukuma, kuma shaidar tana nan a sama tun farko, inda bai taɓa ɗaga ido ba. Tun daga ranar bai sake karanta wa kowa komai ba sai ya fara daga sama.

Rebecca, manomiya daga Kusasu, wadda kowa ke kira Maman Praise, ta ba ni nata labarin tana zaune a kan buhun masara. 'Yarta ta kamu da amai da gudawa, aka turo mata wani shafi da ke cewa a hana yarinyar ruwa har cikin ya ɗaure. Ta aiko da wayar. Kafin la'asar Nababa ya juyo da ita, ba ta ma cika caji ba, da muryar Malam a ciki yana cewa a yi ta ba yarinyar ruwan gishiri da sukari, a kuma kai ta asibiti a ranar. “Ni ban iya boko ba,” in ji ta, “amma yanzu na san kamannin wutsiyar nan kamar yadda na san akuyata a cikin garke. Na maimaita wa matan coci da yarenmu na Gbagyi. Ko mijina ya dawo da labari daga kasuwa sai na ce, Baban Praise, wannan maganar taka ina wutsiyarta?” Nababa, da ke gefe, ya ce shi tuni matarsa ta daina yarda da dalilinsa na yin dare, duk a sanadin Baba.

Malam, kai ne wanda ya binne matarsa bai binne darasinta ba. Kai ne ka saurari zagin masu tallar magani a lasifika, ka ci gaba da goge katakonka. Da aka katse layukan waya a yankinmu, kai ne ka riƙa tura wa mutane shafukan da ka adana daga waya zuwa waya, ba ka ƙara wa kowa ko sisi a kan kuɗin caji ba. Ba a taɓa kiran sunanka a taron lafiya ba, amma akwai yara a Kusasu da Saminaka da suke gudu a gona yau saboda ka ɗaga ido sama.

Idon nan na Malam ne yanzu yake tafiya. Malamar asibiti ta ce alamun hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya rufe, na dama yana tsukewa, har ya ce duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ta gaya masa cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya riƙe shi idan ya je asibitin ido a Kaduna da wuri. Ya ƙi. A kan hanyar Kadunan nan aka harbe amininsa suna zaune kujera ɗaya a mota, kuma ko da ake cewa yanzu ta yi sauƙi, shi ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka ta ba. Wannan makon zai miƙa rumfar ga ƙanin Nababa.

Jiya da yamma na je gaishe shi a rumfar. Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini, fuskarsa da wani haske da na daɗe ban gani ba.

“Salim, mai digiri, zo ka yi mini aikin da na saba yi wa mutane. An turo mini wani maganin ɗigawa. Sun ce yana dawo da gani ba tare da an je ko'ina ba, har gida ake kawowa. Na ga alamar kore da fari, kamar na gwamnati ne. Haruffan saman ne suka ƙi zama mini. Karanta mini wutsiyar.”

Na duba. Ga mikiya, ga dawakai, ga likita yana murmushi. A sama kuma ga wutsiyar da kowa ke iya saye. Na ce, “Baba, sabis ya ɗauke, shafin bai gama buɗewa ba. Bari sai da safe.” Ya ce, “To, Allah ya kai mu.”

Na yi karatun kwamfuta, na san yadda ake haɗa irin wannan shafi kafin shayi ya huce, amma babu darasin da ya koya mini yadda ake cire wa tsoho abu na ƙarshe da ya rataya zuciyarsa a kai. Na ce a raina, wataƙila ruwa ne kawai a kwalbar, me zai rage masa? Sai na tuna cewa kowane wata da zai yi yana ɗigawa yana jira, wata ne da ramin makullin zai ƙara tsukewa. Na tuna kuma cewa Zakiyya ta yarda ne saboda wanda ya karanta mata mai ƙaunarta ne.

Da hantsi na same shi yana laluben bakin kwanon da yake ɗora faifan sola. Na zauna kusa da shi, na karanta masa adireshin harafi-harafi, kamar yadda yake yi, har ƙarshe. Ya daɗe yana murza wani jan zare a yatsunsa.

“Ba mu san gidansu ba ke nan,” in ji shi.

“Ba mu sani ba, Baba.”

“Jiya ma sabis bai ɗauke ba. Ina jin saƙonni suna shigowa wayar mai koren zare.” Ya yi ɗan murmushi, ya goge idon da ba ya gani. “Da ka ce mini na gwamnati ne, da na yarda, Salim. Wallahi da na yarda.”

Malam, mun gode. Allah ya jiƙan Zakiyya, ya riƙe maka hasken da ya rage. Ku kuma da kuka iya karatu, a kowane gida kuke, idan uwa ko maƙwabci ya miƙo muku waya, ku fara daga sama, ku karanta abin da ke wurin, ko da mai tambayar yana roƙonku da idanunsa ku faɗi wani abu dabam.

Daga rumfar na wuce tasha. Na kama kujeru biyu a motar Kaduna ta gobe, na roƙi direba ya bar mana gaba, ta gefen taga ta zama tawa, don in tare masa daji. Na dawo na gaya masa. Sai ya kira ƙanin Nababa ya fara nuna masa wayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin tafiya, yana faɗa masa mai kowane zare.