Ƙanwar Baba daga Kumasi

Babana yana da shekara uku mahaifinsa ya shiga sojan Bature. Aka kwashe su zuwa yaƙin Bama, daga nan shiru. Kakata ta jira har ta gaji, dangi suka yi sadaka, Baba ya tashi maraya.

Ya haura tamanin lokacin da ya zo Landan aikin ido, ya sauka gidana a unguwar Catford. A watannin ne 'yata ta yi gwajin yawun nan na gano dangi, sakamako ya nuna muna da 'yar'uwa ta kusa a unguwar Stratford, nan Landan. Na kira ta a waya. Dattijuwa ce haifaffiyar zangon Kumasi. Ta ce babanta tsohon soja ne daga ƙasar Zazzau. Da aka sallame shi ya zauna a Kumasi, ya kama gadi, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya mutu da furfura.

Kwana uku ina juya maganar kafin na gaya wa Baba. Ya ce, "Ce mata ta zo."

Ta zo ran Asabar da ƙaramin hoton babanta a jaka. Ta durƙusa ta gaishe shi, tana ce masa Yaya. Hancinsu iri ɗaya, har na kau da kai. Baba ya kai hoton dab da idonsa mai gani, ya daɗe a haka.

"Ya taɓa ambatona?"

Na yi ta addu'a a zuci ta yi masa ƙarya. Ta sunkuyar da kai.

"Wallahi Yaya, bai taɓa cewa ya bar yaro a gida ba. In mun tambaye shi garinsu, sai ya tashi ya fita."

Baba ya ce to. Ya tambayi yadda aka binne shi, ko an samu jama'a. Ta ce an cika. Ya ce madalla, ya miƙa mata hoton. Ta roƙe shi ya riƙe, ya ƙi.

Duk da sanyi, da sandarsa ya raka ta har wajen hawa bas. A hanyar dawowa ya ce mini, "Shekara nawa ina yi masa addu'ar wanda ya mutu a daji."

Da ya koma Zariya bai gaya wa kowa ba. Da ya rasu, ita ta fara zuwa mini gaisuwa, ta yini tana wanke kwanukan baƙi.