Layin Fentin Mai Rediyo

Shekara arba'in Mai Rediyo ya yi yana narka dalma a shagonsa, kafin ciwo ya shanye masa ɓarin dama, ya ƙwace masa rabin murya. Babban ɗansa ya ɗauko shi ya ajiye a ɗakin ƙarshe, wanda da can ake zuba tsofaffin kujeru. In fitsari ya matse shi sai ya yi ta kira, muryar ba ta wuce labule.

Hannun hagu ba ya iya riƙe ƙarfen dalma, amma yana riƙe buroshi. Wani tsohon abokin sana'a ya kawo masa kwalbar baƙin fenti mai ɗaukar wutar lantarki, wai ya riƙa wasa da shi. Shi kuwa ba wasa ya gani ba. Kwana huɗu yana tura keken guragunsa a jikin bango, yana jan layi biyu masu kauri daidai gwiwa, daga gefen gado har bayan firji, inda ya sa aka maƙala masa ƙaramar ƙararrawa, batirinta kuwa yana gefen gado. In ya ɗora cokali ya haɗa layukan, sai ta yi ƙara a kicin.

Makon farko ɗan har baƙi yake kirawowa su ga basirar Baba. A mako na uku surukarsa, matar ɗan, ta fara cewa ta zama ma'aikaciyar otal, saura a ɗinka mata riga mai lamba.

Wata safiya ya ɗora cokali, shiru. Ya sake batir, ya kankare cokalin, shiru. Kafin a leƙo shi ya jiƙa zanin gado. Da aka gyara shi, ya ɗauko tsohuwar mitarsa ta gwajin wuta ya bi layin taku-taku. A bakin ƙofar kicin allurar ta kwanta. Fentin nan ruwa na wanke shi, ga kuwa gurbi nan mai faɗin yatsa biyu, an goge tsaf da jiƙaƙƙen tsumma.

Ya nuna wa ɗansa, yana ta kokawa da harshe.

“Baba, damshi ne,” in ji ɗan, idonsa na kan waya.

“Damshi... ba ya... bin layi.”

“To aljanu ne,” surukar ta amsa daga kicin, ana jin dariya a muryarta.

Ya cike gurbin. Washegari an goge taku guda. Ya sake cikewa, sai ɗan ya kwashe kwalbar da buroshin da mitar, ya ce warin fentin ne ke taɓa wa Baba ƙwaƙwalwa. Fentin kuwa ko wari ba ya yi.

Daga ranar Mai Rediyo ya riƙa ture kofin ruwa in an kawo. Shayi ma kurɓa biyu yake yi ya ajiye. Leɓɓansa suka tsattsage, idanu suka faɗa ciki. Da maƙwabciya ta shigo dubiya, surukar ta ce mata ai jiki alhamdu lillahi, Baba ya samu sauƙi sosai, yini guda cur ba ya neman kowa.