Hilu-mur ɗin da Inna ta ajiye wa Yaya

Na tambayi mutane da yawa tsawon lokacin da hilu-mur zai iya yi a ajiye bai lalace ba, kuma ban taɓa samun mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Matar da ke sayar da shi a unguwar Hindawiyya, nan Makka, ta ce daga azumi zuwa azumi, amma ita sayarwa take yi, dole ta faɗi haka. Gwaggona ta ce a Sudan ta sha na shekara uku, har ya fi sabo daɗi. Sai dai Gwaggo duk abin da ya faru a Sudan ya fi daɗi a wurinta, har zazzaɓi. Ni kuwa ba don sha'awa nake tambaya ba. Akwai wani hilu-mur a ɗakin mahaifiyata da ya hana ni sukuni shekara da shekaru.

Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka daɗe a Sudan kafin su ƙetaro Makka, a Sudan ɗin suka ɗauko shi. Dawa ake jiƙawa a shimfiɗa a kan buhu har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama ƙullu da citta da kirfa da tsamiya da hulba, a bar shi ya yi tsami. Sannan a toya shi fale-fale a kan faffaɗan ƙarfe har ya yi baƙi, a nannaɗe a shanya. In azumi ya kama sai a ɓantara a jiƙa, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Da zaƙi da ɗaci a kurɓa guda. A gidanmu in ba shi a kan ledar da ake shimfiɗawa a jera kayan buɗa-baki, to kamar ba a sha ruwa ba.

Ba mace ɗaya ke toya shi ba. In Sha'aban ya shigo matan unguwa ke haɗuwa a saman bene, yau ƙullun wannan gida, gobe na wancan. Ana hira, ana gulma, hayaƙi na cin ido, amma bakin ƙarfen na Inna ne. Ita ce ba ta ɗagawa da wuri, ba ta bari ya ƙone.

Yayana a Hindawiyya aka haife shi, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta sami matsala, aka yi ta kai da kawowa, daga ƙarshe dole ya fita, ya tafi Kano wurin dangin da bai taɓa gani ba. A Sha'aban ɗin da ya biyo baya Inna ta yi tuyarta ta ƙarshe, domin bayan nan likita ya hana ta zama kusa da hayaƙi saboda ƙirjinta. Kamar ta sani. Ranar ta ware waɗanda suka fi kyau, ta jera su a babban gwangwanin madara, ta danna murfi.

"Wannan na Yayanku ne," in ji ta. "Da shi zai yi buɗa-baki a gabana."

Ta shige ɗaki da shi, ban kuma ga inda ta sa ba.

Shekarar farko ban damu ba, don duk mun ɗauka zai dawo kafin wani azumin. Sai aka shiga bana, baɗi. Ya ce wa'adin da aka hana shi shigowa bai cika ba tukuna. Da lokacin ya cika, biza ta ƙi fitowa. Da ta kusa fitowa, matarsa ta haihu da wahala, ya fasa. Duk Rajab sai ya bugo waya ya ce, "Ya ummi, bana in sha Allahu, halas, an gama, bana kam." Inna ta ce Allah ya nufa, ta ajiye wayar ta ci gaba da jan carbi. Ni kuwa sai in kasa zaune in kasa tsaye, in hau share ɗakin da na riga na share.

Babu dabarar da ban kawo ba. Na ce mu ba wani alhaji da zai koma ya kai masa Kano. Ta ce ita a gabanta ta ce, ba a gaban Kanawa ba. Na ce to mu sa a firji. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce damshi ne maƙiyinsa, ko ban san komai ba ne sai ɗinki? Na ce bari mu sha wannan, in ya tashi zuwa matan unguwa su toya masa sabo.

"Da hannun wa?" ta tambaye ni.

Raina ya ɓaci, na tashi na bar mata ɗakin.

Har muka tashi daga Hindawiyya muka koma unguwar Ka'akiyya ban sa gwangwanin nan a ido ba. Ta hana kowa taɓa kayan ɗakinta, ita ta tsaya a kan masu lodi tana tari tana ba da umarni. Ina shagon ɗinki a Rusaifa, ƙafata a kan keke, amma hankalina na gida. In an yi zafin nan na Makka da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, sai in ce shi ke nan, ya ƙone ya zama gawayi. In na ga ƙwaro a buhun shinkafa, sai in ce ya shiga gwangwanin ma. Gaskiyar magana tsoro biyu nake ji: kada hilu-mur ya lalace kafin Yaya ya zo, kada kuma ita ta tafi ta bar shi. Na biyun ba na iya faɗa wa kowa, shi ya sa nake ta surutu a kan na farkon har Gwaggo ta ce na ishe ta.

Sai ga shi Allah ya yi. Yaya ya sami bizar umra, ya sauka a tsakiyar azumi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, Hausarsa ta zama irin ta 'yan kasuwar Kano har muna yi masa dariya. Ya rungume Inna suka yi kukansu, sannan ya wuce Harami ya sauke umra, ya ce zai dawo kafin magariba.

Bayan azahar Inna ta kira ni ta ce in jawo mata akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. Ta kwance mabuɗi daga bakin mayafinta ta miƙo min. Ina ɗaga murfin wani ƙamshi mai sanyi ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Likkafaninta ne a ciki, a ninke, wanda ta wanke da zamzam tun da daɗewa kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Ga garin magarya a leda, ga ƙullin kafur. Gwangwanin madara kuma yana jingine da su, murfinsa ya ɗan ɗage ta gefe guda.

Hilu-mur bai yi fumfuna ba, ƙwaro bai taɓa shi ba. Wane ƙwaro zai shiga wurin nan? Ya ƙara baƙi, ya bushe ƙayau, kyakkyawa abinsa. Amma da na zuba masa ruwa a kwano, abin da ya taso ba citta ba ce, ba kirfa ba. Ƙamshin gidan rasuwa ne.

Inna ba ta ji ba, hancinta ya daina aiki tun ciwon da ta yi. Ni kuma da azumi a bakina, ba damar in kurɓa in ji iyakar ɓarnar. Na yi ta sunsuna kwanon ina fatan hancina ne ke yi mini ƙarya. Na tace, na sake tacewa. Na ƙara tsamiya, na ƙara sukari, a banza. Na yanke shawarar in aika a sayo na kasuwa in musanya. Ina! Inna ta sa an kawo mata kujera bakin ƙofar kicin, ta zauna ta tsare kwanon da ido, tana ce mini kada in cika ruwa, kada in matse da ƙarfi. Ko banɗaki ba ta tashi ta je ba.

Da na ji motsin Yaya sai na fita da sauri na tare shi a matattakala, na faɗa masa komai cikin raɗa. Na ce ya taɓa leɓe kawai ya ajiye, ni zan san yadda zan ɗauke kofin.

Ya ce, "Tayyib, na ji. Ki bar shi yadda yake."

Aka kira salla. Muka ci dabino. Inna ta ƙi yarda in zuba, ita ta cika kofin da hannunta ta miƙa masa. Ya yi bismilla ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, bai yamutsa fuska ba, bai tsaya ba sai da ya rage kaɗan a ƙasa.

"Tislam idik, ya ummi," in ji shi, yana sa wa hannunta albarka da Larabci. "Babu irinsa a duniya."

Ta yi murmushi ta karɓi kofin, ta kurɓi ragowar. Abin da ban yi tunani ba ke nan. Hanci ya mutu, amma harshe yana nan, kuma kafur yana da sanyinsa da ɗacinsa da ba ya ɓuya. Ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye. Ta dube ni, ta dubi Yaya.

"Kafur ne," ta ce.

Daga waje muna jin liman ya tayar da salla.

"Nan ne kaɗai na san ba wanda zai taɓa," ta ce a hankali. Ta juya kofin a hannunta, sannan ta ɗago ta kalli ɗanta. "To, alhamdu lillahi. Kullum ina tunanin don wa za a fara buɗe akwatin nan, ni ko kai."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya zare kofin daga hannunta ya miƙo min, ya ce in ƙara masa. Na ɗauki jug ɗin na zuba, rabi ya shiga kofin rabi ya zube a kan leda.