Ranar da Na Kira Gari Ya Fito

A da, a garinmu na arewacin Adar, ƙarar babur albishir ce. Yau a Tawa, in ɗan kabu-kabu ya bi ta bayan katanga, sai na ajiye abin da ke hannuna har ya yi nisa.

Mu mutanen bida ne. Da an gama girbi samari su watse, wasu Abija, wasu Legas, wasu Libiya. Damina na matsowa su dawo shuka. Sukan sauka a Tawa, su hau babura, su shigo gari a jere suna danna hon. Wanda ya fara ji shi ke kira, mata su fito da guɗa. Ni ma na yi shekara talatin ina bida. Na sayar da agogo a Abija, na yi dako a Tamanrasset, na koyi Buzanci da Zabarmanci da Faransancin kasuwa. Na ga yadda ake tarbar matafiyi a ƙasashe da yawa, ban ga inda gari ke fitowa kaf kamar namu ba. Da ƙafa ta gaji na zauna gida, kiran ya zama nawa, don gidana a kan tudu yake.

Ranar Talata ce, ƙarshen bazara. Bayan asuba na sha shayi da ƙanena Illa. Ɗansa na fari, Sa'adu, ya yi waya cewa suna hanya. Kwana uku Illa yana gyaran sungumi, matarsa Rabi tana dakan fura fiye da bakin gidan. Ƙarfe bakwai Illa ya kora shanu rijiya. Rijiyarmu tana cikin kwari, daga hanya ba a ganin wanda ke can.

Bakwai da minti ashirin na ji ƙarar. Na duba agogo, don in tsokani Sa'adu da sammako. Na hau tudu, na sa hannu a baki.

"Sun iso! Ku fito, 'yan bida sun iso!"

Sau uku na faɗa. Guɗa ta tashi. Maza suka saki guga suka hauro daga kwari. Illa ne a gaba, yana gudu, rawaninsa yana warwarewa.

Kowane babur mutum biyu. Fuskoki a rufe. Babu akwati, babu katifa ɗaure a baya. Sai a lokacin na lura da abu biyu. Ba wanda ya danna hon. Kuma daga arewa suka ɓullo, alhali namu ta kudu suke zuwa.

"Ku kwanta! Kowa ƙasa!"

Harbin farko kamar karan dawa ne a cikin wuta. Guɗar ta yanke a tsakiya. Na faɗi bayan rumbu. Ta ƙarƙashinsa ina ganin ƙafafu suna gudu, sannan ina ganin waɗanda suka daina. Ina jin maganar maharan, ina gane kowace kalma. Duk harsunan da na tara a duniya, amfanin da suka yi mini ranar ke nan.

Takwas saura kwata suka haɗa shanu. Suka cinna wa rumbunan gabas wuta.

"Kada mu dawo mu iske kowa!"

Ƙarar ta koma arewa. Da ta ɓace, babu abin da ake ji sai jaki ɗaya yana kuka a rijiya.

Mun rufe mamatanmu kafin azahar, da zannuwan mata a madadin likkafani. Takalmin Illa ɗaya yana ƙafarsa, ɗaya ban gan shi ba. Bayan azahar muka nufi kudu da ƙafa. Tsofaffi a kan jakuna, mata da tukwane a ka. Ba wanda ya waiwaya. Da la'asar muka ji babur daga nesa, duk muka zube cikin sabara. Mai sayar da burodi ne. Washegari da hantsi muka shiga garin Affala, daga nan babbar mota ta kawo mu Tawa.

A Tawa ƙirjina ya riƙa ɗaurewa. Na daina ɗaga murya. Limamin unguwa ya ce in riƙa kiran salla, na ce maƙogwarona ba lafiya. Na sha rubutu, na ɗan samu sauƙi, abin bai tafi ba. Buzaye suna da kalma, asuf, kaɗaicin da ke kama mutum a daji. Ni a tsakiyar kasuwa yake kama ni.

A asibiti aka auna ni, ba a ga komai ba. Aka tura ni wani ɗaki a ƙarshen baranda. Babu gado, babu allura, kujera biyu kawai. Na iske shi a kulle, na jira. Sai ga wata mata, Madam Zalika, Bazabarma daga Dosso da aiki ya kawo. Aikinta sauraren waɗanda abu ya tsaya wa a rai. A Abija na taɓa jin Turawa na zuwa wurin irinsu, na yi dariya.

"Ɗiyata, ni fa ba mahaukaci ba ne."

"Na gani, Baba. Ka ma riga ni zuwa aiki. Zauna, kada ka sa a kore ni."

Kowace Alhamis nake zuwa. Ta koya mini in babur ya wuce in dafa ƙafa a ƙasa, in ja numfashi, in ambaci abin da idona ke gani: ƙofa, buta, bishiyar maina. Sannan ta ce in ba ta labarin safiyar a jere, sa'a bayan sa'a. Sau uku ina zuwa bakwai da ashirin in tsallake zuwa harbi. Ba ta matsa mini ba. A zuwa na huɗu ta ce, "Baba, me ya fito da su daga rijiya?"

Na faɗa. Tun daga ranar ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce da ban yi kira ba, da Illa yana kwari ba a gan shi ba. Na ce ni da na san hanyoyi bakwai na duniya, na kasa gane arewa da kudu.

"Shekara nawa kana wannan kiran?"

"Sha ɗaya."

"Sau nawa ya zama ba su ba ne?"

"Sau ɗaya."

Ta bar ni na yi kuka. Da na gama ta tambaye ni wa na fi tsoron ya ji. Na ce Rabi.

Sai da na yi mako biyu kafin in je. Ta riga ta fita takaba. Na tsaya a zaure, ta zauna daga ciki ta kau da fuska, kamar yadda ta saba a gabana. Na faɗi abin da ya kawo ni, na roƙi gafara.

"Alhaji, mi kake faɗi? Ni na rangaɗa guɗa tun ba ka buɗe baki ba. Ina cewa yaron ne. Guɗata maigidan ya ji ya hauro."

Wata biyar tana ɗauke da wannan, ita kaɗai. Na ce kirana ne. Ta ce guɗarta ce. Ba wanda ya sakar wa wani. Muka zauna har aka kira la'asar, na tashi. Ranar Alhamis na iske Rabi a barandar asibiti, tana jiran in fito ta shiga.

Sa'adu ya iso kwana tara bayan harin, motarsu ta lalace a hanya. A Tawa ya same mu. Da ƙafa ya shigo.

Mutum tara muka rufe, Illa da maza takwas. Bakwai a cikinsu daga rijiya suka hauro. Shanun ban ƙirga ba.

Bana wasu sun koma shuka. An ce mini 'yan bida tun daga nesa suke kashe babura, su turo su da hannu har cikin gari. Ba mai kira a kan tudu, ba mai guɗa.